Akwatin Baba direba, da yadda ƴar ƙungiyarmu ta tarihin ma'aikata a Tawa ta kusa watsewa a kanshi

Ran da anka yi rabon gadon Baba direba, akwatin ƙarfen anka sa ma kuɗi, takardun da ke ciki kam ba wanda ya sa musu ko dala. Ni ba ni wurin. Wani tsohon ɗalibina ne da ke maƙwabtaka da gidan ya bugo mini bayan la'asar ya ce Mushe in kuna son takardun tsohon nan ku zo yanzu, akwatin ya faɗa rabon autar gidan kuma tana so a zazzage mata shi ta sa kayanta. Na tada moto na tafi. Na iske har an fara juye su cikin buhun shinkafa, wani yaro riƙe da bakin buhun yana dannawa da ƙafa don su shiga duka. Bayan gaisuwa da ƙara ta'aziyya na roƙi babban ɗan marigayi ya dakata mana kwana biyu, ya dube ni yana mamaki ya ce Malam in takardu ne kwashe su yanzu ma, mu akwatin muke so. Na ce a'a har akwatin nake so, za mu saya ma ƙanwarku sabo. Haka anka yi. Kuɗin wata uku na ƙungiyarmu ya tafi a sabon akwati mai fenti shuɗi, mu kuma munka ɗauko tsoho mai tsatsa da buhu rabi.

Abin da ya biyo baya ne nake so in rubuta dalla-dalla tun ban manta ba, don na san a Maradi da Damagaram da Yamai akwai masu tunanin yin irin abin da muke yi, gara su ji inda munka yi tuntuɓe.

Mu su wa ne

Ƙungiya dai sunanta ƙungiya amma kar ku zaci wani abu babba. Malaman tarihi ne na kwaleji da lise, yawancinmu ƴan kwantaragi, sai wani dattijo da ya yi ritaya bayan ya daɗe cikin sandikar malamai ta SNEN, sai malama guda, sai wani yaro ɗan garin nan da ke mastar a Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai yana zuwa mana lokacin hutu. A fadar shayi abin ya fara. Kullum muna ƙorafin cewa darasin neman ƴancin kai da muke koyarwa layi biyu kawai yake ba ƴan sandika, a ce sun taimaka, a ambaci Sékou Touré, a wuce. Alhali a nan Nijar mutumin da ya fara zama magajin garin Yamai a 1956 ya kuma shugabanci gwamnatin farko a 1957, wato Djibo Bakary, ta hanyar sandika ya yi suna, kuma jam'iyyarshi ta Sawaba direbobi da magina da ƴan tasha da ƙananan ma'aikata ne sunka ɗauke ta a kai. Yaro zai gama lise ya san yajin ma'aikatan jirgin ƙasa na Dakar-Niger na 1947 zuwa 1948, wani ma ya zaci a ƙasarmu anka yi saboda sunan, alhali layin a Mali ya tsaya, kogin ake nufi. Amma ka tambaye shi wa ya yi hanyar da yake bi zuwa ƙauyensu, shiru.

Ɗan mastar ɗin ne ya buɗe mana ido cewa a wasu ƙasashe wannan fanni ne mai zaman kanshi da ƙungiyoyin masana da ke riƙe da shi. A Ingila akwai ƙungiyar nazarin tarihin ƙwadago tun 1960, suna da mujalla, suna ba ɗalibai ɗan tallafin kuɗin mota da masauki su je su duba takardu. Ostareliya ta kafa tata a 1961, Indiya a 1996, Amurka ta kafa tata mai suna LAWCHA a 1998. Faransa na da ƙamus ɗin Maitron, tarihin rayuwar ƴan gwagwarmayar ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, yanzu ya haura mutum 200,000 kuma yana intanet kyauta. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cibiyar Amsterdam da anka kafa a 1935 don ceton takardun ƙungiyoyin ma'aikata daga hannun ƴan Nazi, kuɗin farko kuma wani kamfanin inshora mai alaƙa da ma'aikata ne ya bada. Wato tun asali aikin ceton akwati ne, irin namu, sai dai su da gini da kuɗi. A Afirka akwai ƙungiyar masana tarihi da anka kafa a Dakar a 1972 mai mujallar Afrika Zamani, a gida akwai ƙungiyar masana tarihin Nijar, akwai cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO a Yamai, amma waɗannan tarihi gaba ɗaya suke kallo, masarautu da jihadi da mulkin mallaka. Mai zaman kanta don tarihin aiki da ma'aikata mu dai ba mu iske ba a kusa da mu, shi ya sa munka ce bari mu taɓa.

Kafin akwatin nan abin da muke yi bai wuce taro sau ɗaya a wata ba, mutum guda ya karanto wani abu ya bayyana, a sha shayi a watse. Akwatin ne ya fara ba mu aikin yi na gaske, shi ne kuma ya fara haɗa mu faɗa.

Abin da ke ciki, da ɓarnar da na yi da hannuna

Baba direban gwamnati ne, manyan motoci ya ja shekaru masu yawa, kuma shi ne mai karɓar kuɗin sandika a wurin aikinsu. Mutum ne mai ajiya. Gara ta ci kusurwa guda daga ƙasa har ta mai da wasu takardun gari, amma na sama sun tsira saboda ya naɗe su cikin ledar taki. Akwai katin sandika na shekaru daban-daban, wasu da tambarin USTN, haɗakar sandikokin ma'aikatan Nijar, har yanzu ana karantawa. Akwai takardun albashi ɗaure da zaren buhu. Akwai takardun kira zuwa yaji da anka buga da tsohuwar na'urar nan mai juyawa da hannu, tawadar ta koma ruwan ƙasa, na lokacin yajin gama-gari na 1990, shekarar da anka harbi ɗalibai a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu, ma'aikata sunka matsa har Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa ran 15 ga Nuwamba. Akwai ajami ma, shi da kanshi yake rubuta ma kanshi lissafi da ajami a bayan takardun faransanci, wa ya biya wa bai biya ba. Sai kaye guda biyu masu bangon makaranta.

Ni da zumuɗi, daren farko na shimfiɗa tabarma na ce bari in gyara. Na kwance zaren buhun nan duka, na tara katuna waje guda, takardun albashi waje guda, wasiƙu waje guda, waɗanda sunka yage na manna musu sikoci. Na yi ta har ƙarfe biyu ina jin daɗin kaina. Da ɗan mastar ya zo ya gani sai ya dafe kai. Ya ce Mushe don Allah wa ya sa ka, kuma da ladabi ya faɗa amma na ji zafinta. Ashe tsohon ba haka kawai ya ɗaure su ba: kowane ƙunshi magana guda ce, misali takardar albashin wata kaza tare da wasiƙar ƙorafin da ya rubuta a kanta tare da amsar da anka ba shi. Ni na raba uwa da ɗiya. Masu aikin adana takardu suna da ƙa'ida tun da daɗewa cewa ba a ɓata tsarin da mai abu ya bari, don tsarin kanshi shaida ne. Sikocin kuma bayan ƴan shekaru yakan yi rawaya ya ci takardar. Wata biyu munka yi muna ƙoƙarin mai da su yadda suke ta hanyar bin sawun tsatsar ƙusa da lanƙwasar takarda, wasu mun dace, wasu har gobe ba mu san wace ta bi wace ba. Wannan laifina ne ni kaɗai, kuma shekara goma sha nake koyar da tarihi ban taɓa jin ƙa'idar ba, to ka ga amfanin ƙungiya ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Duk da haka takardun albashin sun yi magana. In ka jera na shekarun 1990 za ka ga giɓi, wata ya wuce ba takarda, wani ya wuce, sannan guda ta zo da kwanan watan da ya yi nisa da watan da take biya. Abin da muke ji a baki na bashin albashi ga shi a hannu. Bayan karya darajar sefa a Janairun 1994 kuma adadin da ke takardar kusan bai motsa ba, amma a bayanta da ajami jerin bashin mai kanti sai tsawo yake ƙarawa.

Kaye na biyu

Kaye na farko lissafin kuɗin sandika ne, ba matsala. Na biyun ne bala'i. Shafi uku a ciki Baba ya jera sunayen waɗanda sunka shiga aiki ran da anka ce a yi yaji, suna da sunan uba, wasu har da unguwa, a gefen wasu ya rubuta kalmar da ba zan maimaita ba.

Ɗaya daga cikinmu, ba da mugun nufi ba, ya ɗauki hoton shafi guda ya saka a gurup ɗin WhatsApp na malamai yana cewa ku ga irin dukiyar da munka samo. Kafin magariba hoton ya fita gurup ɗin. Tawa kuwa ba ta da girman da mutane ke zato, kowa ɗan wani ne. Washegari wani Alhaji ɗan kasuwa ya iske ni ƙofar gida bayan sallar asuba, sunan mahaifinshi na layi na huɗu. Bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce Malam, tsohon nan ya rasu, a shekarar da kuke magana mu tara ne a gabanshi kuma uwarmu na kwance likita, ku da kuka yi karatu sai ku gaya mini abin da za ku yi in ku ne. Na ba shi haƙuri, na ce za a goge. Ya ce an goge a wayarka, a wayar mutane fa?

Taron da munka yi bayan nan shi ne mafi zafi. Dattijonmu na SNEN ya tsaya kan cewa tarihi ba ya jin kunya, wanda ya karya yaji ya karya, su da sunka tsaya an yanke musu albashi an yi musu canjin wurin aiki zuwa daji, don me za a lulluɓe. Malama ta ce Baba da gaskiyarka, amma shafin nan ra'ayin mutum guda ne cikin fushi, ba mu ji ta bakin ko ɗaya daga cikin waɗanda anka rubuta ba, ba mu ma tabbatar ko wane yajin ne ba tunda bai sa kwanan wata ba. Ni a nan bayan Malama nake. Jerin sunan abin nazari ne, yana nuna mana yadda ake matsa ma juna a lokacin da yadda yaji ke raba unguwa, amma don ka fahimci wannan ba sai ka san ko uban wane ne a layi na huɗu ba. Daga ƙarshe munka rubuta ƴar doka shafi guda, ita ce takarda ta farko da ƙungiyar ta taɓa rubuta ma kanta: ba a fidda hoton kowace takarda sai taro ya yarda, sunan wanda ba shugaba ba ne a bainar jama'a ana rufe shi, kuma iyalin mai takardu suna da ta cewa. Dattijo ya sa hannu yana gunaguni. Wanda ya saka hoton bai sake zuwa taro ba, na je gidanshi sau biyu.

A wannan taron ne kuma anka taso da maganar a kai akwatin Yamai, gidan adana takardun ƙasa ko IRSH, inda akwai waɗanda sunka san aikin. Hujja ce mai ƙarfi, musamman bayan abin da na yi da sikoci. Amma babban ɗan marigayi da munka tuntuɓa ya ce shi ya ba Malam ne don yana ganinshi, in an kai Yamai shi da takardun ubanshi sai a lahira. Mun tsaya kan a ɗauki hoton komai da waya, a yi jerin abin da ke ciki, a kai kwafi Yamai, asalin ya zauna nan tukuna. Ba na cewa ita ce shawara mafi kyau. Ɗakina na da gara.

Maganar Inna

Abin da ya juya mini tunani gaba ɗaya ba a cikin akwatin yake ba. Mun koma gidan ni da Malama don mu tambayi matar marigayi wasu sunaye da ke cikin ajamin. Tana tsince wake a faifai tana ba mu amsa sama-sama, can sai ta ce, ku ɗiyan nan, shi da yake zaune cikin mota kun zo har sau ukku kan takardunshi, mu da munka ɗauki dutsi bisa kai ba mai tambaya tai. Malama ta ce Inna wane dutsi? Ta ce na Keita mana.

Ashe kafin Baba ya aure ta a wani ƙauye take can wajen Keita, kuma tana cikin matan da sunka yi aikin babban shirin nan na farfaɗo da ƙasa da anka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan mutane da abincin PAM, shirin agajin abinci na majalisar. Duk wanda ya san Adar ya san mata ne sunka ɗauki mafi yawan aikin nan, don bayan fari mazan sun watse ci-rani. Ta ajiye faifan ta nuna mana yadda ake naɗa gammo, yadda ake jera dutsi a gangaren tudu don ruwa ya tsaya, ta ce tun duhun asuba suke fita da goyo, a kira suna, wadda ta makara an shafe ta ran nan. Ta faɗi waƙar da suke yi in shugaban aiki ya juya baya, ita da Malama sunka yi ta dariya ni anka ƙi fassara mini wani baitin. Ta ce akwai ranar da sunka zauna gaba ɗaya sunka ƙi ɗaukar ko tsakuwa don rabon abinci ya yi jinkiri, har sai da mota ta zo. Na ce Inna ai yaji ke nan kunka yi. Ta ce yaji na gidan miji ne ɗana, mu zama munka yi. Sannan ta kama hannun Malama ta ɗora a bayan wuyanta ta ce taɓa nan ki ji.

Ba ta da kati, ba ta da takardar albashi, ba ta da lamba a asusun fansho. Ko layi guda ba ta bari a akwatin kowa ba.

Da munka kawo wannan a taro dattijo ya ce labari ne mai daɗi amma ba fanninmu ba ne. A wurinshi tarihin ma'aikata yana da iyaka sananniya: mai albashi, mai sandika, dokar aiki. Ya lissafo su kamar yana gaban allo, dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 da ta soke aikin tilas, yajin 3 ga Nuwamba 1952 a faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa, dokar aiki ta ƙasashen ƙetare ta 15 ga Disamba 1952, kafa UGTAN, haɗakar sandikokin Afirka baƙar fata, a Kotonu a 1957, taron ƙasa na 1991. Ya ce in kun buɗe ƙofa ga kowa to manomi ma ma'aikaci ne, mai tallan fura ma haka, sai ku koma ƙungiyar tarihin kowa da kowa.

Ina girmama shi ƙwarai, shi ya koya ma wasunmu, kuma tsoronshi na kada abu ya yi faɗi har ya rasa kama ba shirme ba ne. Amma in munka bi ma'auninshi, a jihar Tawa mutum nawa za su rage? Ma'aikatan gwamnati, na sumuntin Malbaza, ƴan garin da sunka tafi Arlit aikin yuraniyom a SOMAÏR ko COMINAK kafin a rufe ta a 2021, shi ke nan fa kusan. Sauran Adar duka waje. Ɗan ci-ranin da ya yi shekara talatin yana dako da gadi a Abijan waje. Ƴan ƙwadagon albasar Galmi waje. Kakanninmu da gardi ya tasa gaba aikin hanya kafin 1946 su ma a takarda adadi ne kawai cikin rahoton kumandan, wani rahoton ma yana Dakar ko Aix-en-Provence ta Faransa. Bauta fa? Sai 2003 anka sa ta cikin laifuka a dokar ƙasar nan, kuma shari'ar Hadijatou Mani, matar da anka sayar a matsayin baiwa tana yarinya, da kotun CEDEAO ta yanke ran 27 ga Oktoba 2008 daga yankin Ƙonni ta fito, nan bayan gidanmu. In aikin da wahaya, wato baiwar da ake saye a ƙara kan matan aure huɗu, ke yi daga asuba zuwa dare bai shiga tarihin aiki ba to ban san abin da zai shiga ba.

Ɗan mastar ya ƙara da cewa ko can inda anka ƙirƙiro fannin sun daɗe da barin tsohon ma'aunin. Su ma da fari sandika da jam'iyya da shugabanni suke rubutawa, daga baya sunka shigo da mata da bayi da masu aikin gida da ƴan ci-rani, babban littafin tarihin aiki a Afirka da anka fitar a 2019 don cikar ILO, hukumar ƙwadago ta duniya, shekara 100 ma da su a ciki. Ya ba mu misalin da ya kashe bakin kowa: a Afirka ta Kudu wani masani na jami'ar Wits, Charles van Onselen, ya rubuta littafi mai kauri kan wani manomi mai noman raba-daidai da ake kira Kas Maine, mutumin da a takardun gwamnati sau ɗaya tak ya bayyana, ran da anka ci shi tara don ba shi da lasisin kare. Sauran duka daga baki anka samo, hira bayan hira, shekara da shekaru. Dattijo ya yi shiru ya ce to ai sai ku nemo bakin, ni dai kaye na sani.

Ni abin da na fahimta, mun kwaikwayi ƙungiyoyin waje ta wurin da bai dace da mu ba. Su takarda ta yi musu yawa, aikinsu tsarawa da fassarawa. Mu takardar kaɗan ce, wadda ke akwai ma wata gara ta ci, wata masu ita sunka ƙona da hannunsu bayan an haramta Sawaba a 1959 lokacin da takarda guda a ɗaki za ta iya kai mutum kurkuku, tsofaffi da dama sun gaya mana haka. Akwatin Baba ya ruɗe mu don ya yi kama da abin da muke gani a littafi. Wata shida muna kan takardun mutum guda, matarshi na zaune tsakar gida da nata tarihin ba wanda ya ce mata sannu.

Cikin aji

Na gwada abin a ajina na shekarar ƙarshe ta kwaleji. Na kai kwafin takardar albashi guda, suna a rufe, na raba su rukuni na ce ku gaya mini duk abin da takardar nan ta sani da abin da ba ta sani ba. Da fari sun yi tsuru-tsuru don sun saba a yi musu shifta su kwafe. Can wata yarinya ta lura kwanan watan biya ya yi nisa da watan aiki, ta ce Mushe to me sunka ci a tsakani? Ajin ya kaure. Sannan na ba su aikin gida, kowa ya tambayi wani tsoho a gidansu aikin farko da ya taɓa yi don a biya shi, da me anka biya shi, wa ya biya. Na zaci rabi ba za su yi ba. Abin da ya dawo ya fi ƙarfina: mai kakan da ya je Kumasi a ƙasa, mai kakar da ta yi dakau a gidan wani ma'aikaci ana biyanta da dusa da tsohon zane, mai uban da anka koro daga Libiya ba ko takalmi. Wani yaro ya kawo takarda fara ya ce kakanshi ya ce irin wannan tambayar ba a yi ma mutanen gidansu ita, na gane abin da yake nufi, ban matsa ba, kuma na ga wautata da ban yi tunanin haka ba kafin in bada aikin a garin da kowa ya san asalin kowa.

Wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce wannan ba ya cikin manhaja, jarrabawa na tafe. Gaskiya ne ba ya ciki. Awa biyu na ci daga darasin yaƙin duniya na biyu, na rama su ran Asabar.

Inda muke yanzu

Har yau ba mu da takardar izinin ƙungiya, dosiyen na can wani ofis ana ce mana a dawo. Kuɗin wata rabin mutane ne ke biya, su ma sai albashin kwantaragi ya faɗo. Mujalla kam ko a mafarki, abin da muke iya yi shi ne shafi huɗu na fotokopi da muke raba ma malaman tarihi su yi amfani da shi a aji, mun fidda guda biyu, na farko kan takardun Baba na biyu kan matan Keita, Hausa a gefe faransanci a gefe. Hira mun ɗauki goma sha ɗaya a waya, kowace da yardar mai ita a farkon muryar, an rubuta huɗu a takarda, sauran na jira don awa guda ta magana tana cin kwana uku a rubutu kuma Adarancin tsofaffi ba kowa ke iya kama shi ba. Biyu daga cikin waɗanda munka sa a jerin waɗanda za a je ma sun rasu kafin mu samu kuɗin mai.

Dattijo bai canza ra'ayi ba, yana nan kan cewa muna haɗa tarihi da tatsuniya, amma shi ne ya kai mu wurin wani tsohon magini abokinshi ya kuma zauna har anka gama hirar yana gyara mana tambayoyi. Alhajin layi na huɗu mun koma mun roƙe shi ya ba mu labarin shekarar daga ɓangaren gidansu, ya ce zai yi shawara da ƴan'uwanshi, ba mu sake jin shi ba tukuna.

Akwatin na ɗakina bisa bulo huɗu, na zuba toka kewaye da ƙafafun. Inna ta aiko jikanta shekaranjiya wai akwai ƙawarta da sunka yi aikin dutsi tare, ta zo ganin likita daga ƙauye kuma jibi za ta koma, in muna so mu zo da wayarmu kafin azahar. Malama na da aji har ƙarfe goma sha biyu da rabi, ni kuma ba za su yi waƙar a gabana ba, don haka muna neman wanda zai riƙe mata ajin.